A Ba Samari Wuri a Shawarar Lafiya



Wa ke ɗebo ruwa a gidanku? Yarinya ce. Ita ke fara ganin rijiya ta gurɓace, tun amai da gudawa ba su shigo gari ba. Wa ke kai mai naƙuda asibiti a kan babur da tsakar dare? Saurayi ne. Shi ya san inda hanya ta yanke. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Amma in kwamitin lafiya na gunduma zai zauna, galibi dattawa kaɗai a ke kira. Wannan hasara ce. Tun 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yarda yaro yana da hakkin a ji bakinsa kan abin da ya shafe shi. Nijeriya ta karɓi wannan a 1991.

To, mai unguwa, ka ba su wurin zama. Kai kuma saurayi, ke ma yarinya, ku gai da manya, sa'an nan ku faɗi abin da kuka gani. Yin shiru ba ladabi ba ne in rijiya ta ɓaci.

Allah ya ba mu lafiya, amin.