Limbo: Wasan da ya raba kan masu buga shi gida biyu

Wani ƙaramin yaro ne ya farka a tsakiyar dokar daji. Babu launi sai baƙi da fari da toka-toka, babu mai magana, babu rubutun da zai nuna masa inda zai dosa. Idanunsa biyu kaɗai ke haske. Haka wasan bidiyo na Limbo yake farawa, kuma tun da kamfanin Playdead na birnin Kopenhagen a ƙasar Denmark ya fitar da shi a watan Yulin 2010, masu buga shi ba su daina muhawara a kansa ba.

Limbo na cikin wasannin da suka haɗa tsalle-tsalle da wasa ƙwaƙwalwa. Abin da yaron ya iya kaɗan ne: tafiya, tsalle, hawa, da tura kaya ko jan su. Da waɗannan zai tsallake tarkon ƙarfe, ya kuɓuta daga wani ƙaton gizo-gizo, ya ratsa ruwa da zarto da wayoyin lantarki. Abin da kamfanin ya bayyana game da labarin shi ne yaron yana neman 'yar uwarsa. Sauran an bar wa mai wasa.

Saɓani na farko a kan mutuwa ne. A Limbo, sau da yawa ba ka sanin akwai tarko sai ya halaka yaron, sannan wasan ya mayar da kai baya kaɗan ka sake gwadawa. Masu yabo na ganin wannan ce hanyar koyarwar wasan, domin kowace faɗuwa darasi ce. Masu suka kuwa na cewa zalunci ne a hukunta mutum kan abin da ba a ba shi damar hangowa ba.

Na biyu shi ne tsawo da farashi. Dala 15 aka sayar da shi a Xbox 360 lokacin da ya fito, alhali mutane da yawa na kammala shi cikin awa uku zuwa biyar. Wasu sun ce kuɗin ya fi kayan. Wasu kuma sun amsa cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: gara gajeren wasan da babu ɓata lokaci a cikinsa da dogon da aka cika da maimaici. Ko a cikin masoyansa akwai masu ƙorafin cewa kashin farko na daji ya fi rai, domin daga baya wasan ya koma cikin masana'antu, inda injuna da maɓallai suka maye gurbin halittun da ke tsinka zuciya.

Na uku, wanda ya fi zafi, shi ne ƙarshen labarin. Wasan yana yankewa ba zato, ba tare da bayani ba. Daga nan fassarori suka yi yawa: wasu na ganin yaron ya riga ya mutu tun farko, wasu na cewa shi da 'yar uwar duka ba sa raye. Arnt Jensen, wanda ya jagoranci ƙirƙirar wasan, ya bar tambayar a buɗe. Shirun da ya fusata wasu shi ne ya sa wasu ke komawa.

Muhawarar ba ta hana kasuwa ba. Kafin ƙarshen 2011 an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, wasan ya isa iPhone a 2013 da Android a 2015, sannan Playdead ya biyo da Inside a 2016.

Idan aka duba da kyau, abin da ake jayayya a kai shi ne ma'aunin darajar wasa: yawan awannin da ya ci, ko abin da ya bari a rai. Ma'aikacin da ba shi da hutu sai ƙarshen mako zai iya samun gajartar Limbo a matsayin alheri, domin yamma biyu sun ishe shi. Sai dai iyaye su lura: duk da yaro ne jarumin, a Amurka an ware wasan ga 'yan shekara 13 zuwa sama, saboda irin mutuwar da ake nunawa ba ta dace da ƙananan yara ba.