Madina: Tsakanin Ribar Otal Da Darasin Rijiyar Ruma

A watan Agustan 2022 ne Yarima mai jiran gadon sarautar Saudiyya, Muhammad bin Salman, ya ƙaddamar da aikin Rua Al Madinah a gabas da Masallacin Manzon Allah. Kamfanin da ke gudanar da aikin, wanda mallakar asusun zuba jari na gwamnati ne, ya ƙudiri aniyar samar da ɗakunan otal 47,000 kafin ƙarshen 2030. A Janairun 2025 kuma hukumomi suka ba baƙi izinin sayen hannun jari a kamfanonin da suka mallaki gine-gine a Makka da Madina.

Abin tambaya shi ne, su wa za su kwana a waɗannan ɗakuna? Fili kusa da Harami tsada gare shi, mai jari kuwa riba yake nema. Saboda haka tsohuwar da ta taso daga Katsina ko Maraɗi da kuɗin adashinta na iya tsintar kanta a masauki mai nisa.

To amma Madina ta taɓa ganin wata irin dabarar kasuwanci. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rabin rijiyar Ruma daga mai sayar da ruwanta, suka raba kwanaki. A ranar Usman sai jama'a su ɗebi ruwan kwana biyu kyauta. Da ciniki ya mutu, mutumin ya sayar masa da sauran rabin, shi kuma ya mayar da rijiyar waƙafi. Har yau tana nan cikin gonar dabino.