CIWON SUKARI NA ALLURA BA YA HANA NOMA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Badagishiri, Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni, ciwon sukari iri biyu ne. Na biyu ya fi kama manya. Na farko ya fi kama yara da samari, kuma shi ne zancenmu na yau.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ke yin ruwan insulin. Insulin ke shigar da sukarin abinci cikin nama, ya zama ƙarfi. In gaɓar ta daina aiki, sukari sai ya taru cikin jini. Yaro ya riƙa shan ruwa ba ƙoshi, yana yawan fitsari har cikin dare, yana ci yana ramewa. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka daga wani. A kai shi asibiti a gwada jini.

ALLURA KULLUM

A 1921 aka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada. Kafin nan wannan ciwo kisa yake yi. Yau mutane suna tsufa da shi, suna aure, suna haihuwa. Sharaɗi ɗaya ne: allura kowace rana, yadda likita ya ƙayyade. Babu sassaƙe ko jiƙo da ke maye gurbinta. Ko zazzaɓin cizon sauro ya hana mutum cin abinci, kada ya tsai da allura da kansa. Ya je wurin likita ranar nan.

TULU YA ISA

Zafin bazara yana wuce digiri 40, insulin kuwa ba ya son zafi. Wanda ba shi da firji ya sami tukwane biyu na ƙasa, ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen ƙyalle a inuwa. A sa kwalbar cikin leda don kada ruwa ya taɓa ta. Kwalbar da aka buɗe kada ta wuce sati 4.

RANAR GONA DA RANAR KASUWA

Aikin ƙarfi yana sauko da sukari. Mai allura kada ya ɗauki hauya da cikinsa wayam. Ya sa ƙwayar sukari cikin aljihu, ko zai tafi gona, ko kiwo, ko kasuwar Badagishiri. In ya ji rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa da jiri, ya zauna ya sha ƙwaya 3. Bayan minti 15, in bai ji sauƙi ba ya ƙara. Mai na'urar gwaji ya sani: ƙasa da 0,70 haɗari ne. In mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a gaggauta kai shi asibiti. Abokan aiki da mutanen gida duka su san wannan.

ABINCI DA ƘAFA

Tuwo, fura da shinkafa duk suna komawa sukari a jiki. Ba a hana su ba, amma a ci daidai misali, a kan lokaci. A haɗa da wake, zogale, kuɓewa da gyaɗa. Shayi mai sukari a bar shi. Kafin azumi a nemi shawarar likita, don addini ya yi wa marar lafiya sauƙi.

Sukari in ya daɗe yana kashe jin ƙafa, ƙaya ta soki mutum bai sani ba. A sa takalmi, a duba tafin ƙafa kowane dare. A je duban ido sau ɗaya a shekara. Akwai asibiti a Illela, da Galmi, da babban asibitin Tawa.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga amfanin alƙalami. Ku sami littafi, ku rubuta wa marar lafiya lokacin allura, da abin da gwaji ya nuna, da ranar da maganin zai ƙare. Da wannan littafi likita zai gyara awon allura.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.