DATTIJO ƊAN SHEKARA 19: RAYUWAR SAMARIN MISHAN NA MORMON

Duk wanda ke zaune a Ankara ko Kumasi ko Takoradi ya saba ganinsu a bakin hanya. Samari biyu ne kullum, da farar riga da laktaye a wuya, jaka a kafaɗa, da wani ɗan baƙin allo mai ɗauke da suna a ƙirji. Wani lokaci Bature ne da baƙar fata, wani lokaci kuma duka biyun 'yan Afirka ne. Wasunmu na ɗaukarsu ma'aikatan banki, wasu kuma na zargin 'yan leƙen asiri ne. Tun da rashin sani ya fi dare duhu, bari mu duba ko su wane ne, da yadda suke rayuwa.

Waɗannan samari 'yan mishan ne na cocin da aka fi sani da Mormon, wanda mabiyansa suka fi so a kira shi Cocin Yesu Almasihu na Waliyyan Zamanin Ƙarshe. Joseph Smith ne ya kafa shi a Amurka cikin 1830, hedkwatarsa kuma tana birnin Salt Lake a jihar Yuta. Ban da Littafi Mai Tsarki na Kirista, suna da wani da suke kira Littafin Mormon. A kan allon ƙirjin nan, kafin sunan yaro, za ka ga an rubuta "Elda", wato dattijo, alhali mai shi bai daɗe da gama sakandare ba. Mace kuwa "Sista" ake ce mata. A 2012 cocin ya rage shekarun fita aiki na maza daga 19 zuwa 18. Namiji yana yin shekara 2, mace wata 18.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ba a biyansu albashi. Yaron da iyayensa ne ke tara kuɗin zamansa, in ba su da hali jama'ar cocin su taimaka. Kuma ba shi ke zaɓar inda za shi ba. Takardu zai cika ya aika, ya zauna jira, sai wasiƙa ta zo daga hedkwata ta faɗa masa ƙasar da aka tura shi. Wanda bai taɓa jin sunan Koforidua ba, sai ya wayi gari can zai zauna. Kafin ya fara aiki yakan yi 'yan makonni a makarantar horo, waɗanda za su koyi sabon harshe su fi daɗewa. An buɗe irin wannan makaranta a Tema cikin 2002, aka mayar da ita Ankara a 2017, kusa da babban ɗakin ibadarsu da aka buɗe a Janairun 2004.

To, yaya yininsa yake? Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne tashi ƙarfe 6:30 na safe, kwanciya ƙarfe 10:30 na dare. Daga 2017 an ba shugabannin mishan dama su matsa lokacin gaba ko baya daidai da yanayin ƙasa. Da ya tashi sai addu'a, motsa jiki, wanka da karin kumallo. Daga nan sai karatu: na shi kaɗai, na tare da abokin aiki, da na harshe ga mai bukata. Sauran yinin na hanya ne, a ƙasa ko a keke ko a cikin trotro. Suna sallama a ƙofofi, suna koyar da wanda ya yarda a ƙarƙashin bishiya ko a bakin shago, suna ziyartar 'yan cocinsu. Ƙofofin da ake rufe musu sun fi waɗanda ake buɗewa, kuma sau da yawa wanda ya ce a dawo gobe, goben ba a samunsa a gida.

Doka mafi nauyi a kansu ita ce ta abokin aiki. Ban da shiga bayan gida ko wanka, dole kowa ya kasance inda ɗan'uwansa ke ganinsa yana kuma jinsa, dare da rana. Ɗaki ɗaya suke kwana, gado daban-daban. Shi ma abokin ba zaɓa ake yi ba, shugaban mishan ne ke haɗa su, kuma kowane mako 6 ana iya canza wa mutum aboki ko gari. Ka ɗauki yaron da ya tashi da injin wanki a Yuta, ka haɗa shi da ɗan Kinshasa ko ɗan Aba, ka ce su yi cefane da girki da shara tare. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A nan kuwa ko an saɓa babu inda za a gudu, sai dai a zauna a sasanta.

Akwai sauran hani. Ba neman aure, ba zance, ba kallon talabijin ko zuwa silima, ba iyo a ruwa ko da suna bakin teku. Ba sa shiga gidan mace su zauna sai da wani babban namiji a wurin. Kamar sauran 'yan cocin, ba sa shan giya ko taba ko kofi ko shayin ganye. Saboda haka in ka miƙa musu kofin shayi suka ƙi karɓa, ba raini ba ne. Ba su ruwa ko koko, za su sha su gode.

Rana ɗaya a mako, galibi Litinin, ita ce ta wanki da kasuwa da aski da ɗan buga ƙwallo. A ranar ce kuma suke jin muryar gida. Kafin Fabrairun 2019, ɗan mishan ba ya kiran iyayensa a waya sai sau biyu a shekara, ranar Kirsimeti da ranar tunawa da iyaye mata, sauran duk wasiƙa ce. Daga wannan lokaci aka yarda ya kira kowane mako. Duk uwar da ɗanta ya taɓa tafiya karatu ko ci-rani ta san nauyin wannan canji. Ga wanda ya zo daga ƙasar sanyi kuma akwai zafin rana, da gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro, da koyon haɗiyar fufu ba tare da tauna ba. Wasu rashin lafiya ko kewar gida kan mayar da su kafin lokaci.

Zamansu a Gana bai zo da sauƙi ba. Har zuwa Yunin 1978 cocin ba ya ba baƙar fata muƙamin limanci, abin da har gobe ake yi masa gori a kai. Bayan ɗage wannan hani ne 'yan mishan na farko suka iso a ƙarshen shekarar, suka tarar da Joseph William Billy Johnson ya riga ya tara jama'a a Cape Coast. A ranar 14 ga Yuni 1989 gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin tare da na Shaidun Jehobah, aka kori 'yan mishan na waje, aka rufe wuraren ibada. Sai a ƙarshen Nuwamban 1990 aka ɗage wa cocin dokar. Yau da yawa daga cikin masu farar rigar 'yan Afirka ne, kuma ana tura 'yan Gana wasu ƙasashe.

Bayan shekara 2 sai a cire allon ƙirji, Elda ya koma sunansa na yanka, ya shiga makaranta ko neman sana'a. Wani ya samu mabiya da yawa, wani kaɗan. Abin da kowannensu ke komawa da shi shi ne iya tashi da wuri, iya riƙe kuɗi, iya tsayawa gaban baƙo ya yi magana, da haƙurin zama da mutumin da bai zaɓa ba.

Mu mutanen zango mun san zaman baƙunta, kakanninmu da shi suka kafa unguwannin nan. In suka yi sallama a ƙofarka, ba dole ne ka saurari wa'azinsu ba, kowa da addininsa. Ka amsa gaisuwa, ka faɗi matsayinka a fili cikin mutunci, ka hana yara yi musu ihu ko jifa. Ɗan wani ne, kuma uwarsa na can tana ƙirga kwanaki har Litinin.