Baƙon Dodon Koɗi a Tankin Murjani: Duba Kafin Ka Kai Hannu

Masu kiwon murjani da kifin teku a tankin gilashi, sha'awar da ta fi ƙarfi a Amurka, Turai da Japan, sun san cewa abin da ke shigowa gida ya fi abin da aka biya kuɗinsa. Duwatsun da ake ɗebowa daga tekunan Indonesiya da maƙwabtanta cike suke da ramuka, ramukan kuma ɗauke da ƙwai da ƙananan halittu. Bayan 'yan makonni sai mai tanki ya wayi gari ya ga dodon koɗin da bai saya ba yana jan ciki a jikin gilashi. Wani ya murƙushe shi nan take, wani ya bar shi har ya cinye masa murjani. Duka biyun gaggawa ce da rashin sani.

Yawancin waɗannan baƙi 'yan aiki ne, gansakuka suke ci. Stomatella, mai ɗan ƙwanso shafaffe da bai rufe jikinsa ba, yana da sauri, kuma idan aka taɓa shi yakan yar da ɓangaren jikinsa na baya ya tsere. A bar shi ya hayayyafa. Har wuri, kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Kano da Katsina, wanda akasari daga tsibiran Maldives aka riƙa kawo shi, ƙwanson wani dodon koɗi ne mai cin gansakuka, kuma ana ajiye shi da rai a irin waɗannan tankuna.

Launi kaɗai ba ya gaya maka komai. Ka jira dare bayan an kashe fitilun tanki, ka haska da tocila mai jan haske, ka ga inda baƙon yake zaune da abin da yake ci. Sa'annan ka ɗauke shi da hantsaki, ka sa a kwalba da ruwan tankin, ka ɗauki hotonsa ta baya da ta baki.

Bakin nan shi ne wurin dubawa, domin akwai biyu da ke ruɗin mutane ƙwarai. Collonista ɗan dunƙulalle ne mai 'yan milimita, da dare yake fita, ba ya cutar da kowa, kuma marfin da yake toshe bakinsa da shi shafaffe ne. Heliacus kuwa ya fi shi faɗi, da zanen dara-dara baƙi da fari, marfinsa mai tsini. Abincinsa murjanin nan mai laushi da ake kira zoanthid. Idan ka ga wani yanki na murjanin ya tsuke ya ƙi buɗewa kwana da kwanaki, leƙa tsakanin gindinsa, galibi a nan ɓarawon yake kwance.

Shi kuwa Nassarius, da ke binne kansa a yashi ya bar ɗan bututun hancinsa a waje, ragowar abinci yake bi. Amma yana da masu kama da shi da ke yawo kan duwatsu suna farautar sauran dodannin koɗi. Akwai kuma 'yan pyramidellid, farare kamar ƙwayar shinkafa, masu tsotsar ruwan jikin ƙatuwar kumbar teku ta Tridacna. Vermetid shi ba ya ma tafiya: bututu yake ginawa a jikin dutse, ya saki zaren yauƙi da ke hana murjani sakewa. Fasa bututun ake yi, ko a toshe bakinsa da gam.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne Conus, mai ƙwanso mai santsi, faɗi a sama tsini a ƙasa, da ado mai jan ido. Yana harbi da haƙori mai dafi, kuma Conus geographus, da kan kai santimita 15, ya sha kashe mutane. Dafinsa shanye jiki yake har numfashi ya tsaya, ga shi babu maganin karya shi. Asibiti na'urar numfashi kawai za ta sa wa mutum har dafin ya sake shi. Siririyar safar hannu ba ta isa kariya ba. Danginsa na nan a Bahar Maliya, don haka gargaɗin ya shafi 'yan'uwanmu da ke tsintar ƙwanso a gaɓar Jidda ko Port Sudan.

Kada haushi ya sa ka zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe a tankin. Zai kashe mugu da nagari, ya haɗa da murjanin, ya kuma maƙale a duwatsu. Kada kuma ka tafasa dutsen da zoanthid ya taɓa zama a kai, domin wasu na ɗauke da gubar palytoxin, tururinta kaɗai ya kwantar da iyalai a asibiti.

Duk sabon dutse ko gutsuren murjani, a fara ajiye shi a tanki na daban na wasu makonni ana dubawa. Yara kuma a hana su tsoma hannu a ruwan.