Mayar da fistan da konrod a injin mota

Mayar da fistan da konrod mataki ne na haɗa injin mota bayan an sauke shi domin gyara. Fistan shi ne ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, konrod kuma sandar da ke haɗa shi da karanshaf. Ana kaiwa ga wannan aiki idan inji ya fara shan baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, ko kuma ya buga. A Kaduna ana yin sa a garejin makanikai, ana kuma sayen kayan a wurare irin su Panteka da Ori Apata.

Kafin haɗawa

Kowane fistan da konrod yana da silindarsa, shi ya sa ake sa musu lamba tun wajen kwancewa. Murfin konrod ma ba ya musanyuwa, domin tare aka rarake shi da sandarsa a masana'anta. Idan silinda ta cinye, ana faɗaɗa ta a sa fistan mafi girma, galibi da milimita 0.25 ko 0.50. Injin Peugeot 504, motar da kamfanin PAN da aka buɗe a Kakuri a 1975 ya daɗe yana haɗawa, yana da silib mai cirewa, don haka akan canza silib da fistan tare.

Yadda ake haɗawa

Yawancin fistan suna ɗaukar ringi uku: biyu na sama suna riƙe matsin iska, na ƙasa yana share mai. Ana fara gwada kowane ringi shi kaɗai a cikin silinda a auna tazarar bakinsa, domin idan ta yi kaɗan, zafi zai sa ya kumbura ya karye. Bayan an ɗora su ana karkatar da bakunan kada su zo layi ɗaya.

Daga nan a shafa mai, a matse ringin da abin matsewa, a tura fistan a hankali da ƙotar guduma ta katako. Alamar da ke kansa galibi tana fuskantar gaban inji. Idan ya cije ba a tilasta masa, sau da yawa ringi ne ya kuɓuce. Sai a zaunar da konrod a kan karanshaf tare da metal ɗinsa, a mayar da murfi, a ɗaure noti da sufana mai auna ƙarfin ɗauri gwargwadon abin da kamfanin motar ya ƙayyade. Ɗauri da kintace kuskure ne mai tsada a aikin. Bayan kowane fistan ana juya karanshaf da hannu a ji ko yana tafiya sumul.

Tsafta

Tazarar da mai ke bi tsakanin metal da karanshaf ba ta kai kaurin gashin kai ba, ƙwayar yashi ɗaya tana iya karce ta. Wannan na da muhimmanci a Kaduna lokacin hunturu, inda gareji da yawa a fili suke kuma ƙura na sauka kan komai. Makanikai masu kula sukan rufe kayan da aka wanke har zuwa lokacin ɗaura su.