HAƊA KWAMFUTOCI A OFIS: A RAGE ƘOFOFI

Zuwa ga Hakimai da malamansu na ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Kwamfuta guda ɗaya ba ta da wuyar tsaro. Wahala tana somawa ne sa'ad da aka haɗa ta da 'yan'uwanta, da injin buga takarda, da wayoyin hannu, sa'an nan aka haɗa su duka da intanet. Cikinta kuwa akwai takardun gonaki da na gado da sunayen talakawa, watau amanar da ke wuyan Hakimi.

Ku dubi Dajin Falgore. Titin mota daga Kano zuwa Jos ya ratsa shi, kuma da yake guda ne, ana iya kafa shinge a ga mai wucewa. Amma turbobin cikin daji babu mai iya ƙidaya su, ta nan ne ɓarayin shanu da 'yan fashi suka riƙa shiga suna fita. Haka haɗin kwamfutoci yake. Kowace na'ura da aka ƙara, da kowane mutum da aka ba kalmar sirri, sabuwar turba ce aka sara.

Masana sun daɗe da gane wannan. A 1975 wasu malamai biyu a Amurka, Saltzer da Schroeder, suka tsara ƙa'idodi 8 na tsare kwamfuta. Ta fari ita ce a yi tsari ƙarami marar sarƙaƙiya. Dalilinsu kuwa shi ne, kafar da ɓarawo zai bi ba ta hana aikin yau da kullum tafiya, saboda haka ba wanda zai lura da ita sai an bi tsarin daki-daki an duba. Babban tsari kuwa ba ya dubuwa. A 2016 wasu samari suka ƙwace dubban ɗaruruwan na'urori, galibi kyamarorin tsaro, da kalmomin sirri wajen 60 kacal, domin masu su ba su taɓa sake kalmar da aka zo da ita daga masana'anta ba.

Manya ma ba su tsira ba. Ran 4 ga Oktoba 1921 ba a san kwamfuta ba, amma shekara ɗari daidai bayan nan, ran 4 ga Oktoba 2021, kuskure guda wajen gyara ya tsai da Facebook da WhatsApp wajen awa 6. Abin da ya ja lokacin shi ne, kayan gyaran su ma a kan hanyar da ta yanke suke.

Amma fa kada a ɗauka sauƙi shi ne dogara ga igiya guda. Ran 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi 4 na ƙarƙashin teku suka lalace kusa da gaɓar Kwaddebuwa, aikin bankuna ya tsaya cik a wurare da yawa a Nijeriya. Wayoyin huɗu ne, amma mashiga guda suka bi. Mai layin waya biyu a Riruwai ya kamata ya tambaya ko a kan turke ɗaya kamfanonin biyu suka rataya kayansu, gama sukan yi tarayya. In haka ne, ranar da man janareta ya ƙare a turken, layin biyu za su yi shiru tare.

To, ga abin da ake roƙon malamin Hakimi ya yi. Ya zana haɗin ofishinsa duka a warƙa guda, kowace na'ura da sunan mai riƙe da ita. In bai shiga warƙa guda ba, ya yi yawa. Abin da ba a san aikinsa ba a cire shi. In ɗan kwangila ya kawo sabuwar na'ura, a tambaye shi wa zai gyara ta, daga ina kuma zai taso, gama na'urar da mai gyaranta sai ya zo daga Legas za ta daɗe a kwance. Kowane ma'aikaci ya riƙe kalmar sirrinsa shi kaɗai, ranar da ya bar aiki a soke ta. A riƙa kwafe takardu masu muhimmanci cikin faifai dabam kowace Alhamis, a zare shi daga kwamfuta a kulle a akwati. Tsohon littafin rajista kuwa a ci gaba da cika shi da alƙalami, Hakimi ya riƙa sa hannu ƙarshen kowane wata.